Kai yara wurin wasa lokacin hutu: amsa ga wani magidanci daga Ringim

Wani magidanci daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ya aiko da tambaya. Yana da 'ya'ya huɗu 'yan makaranta, masu shekara 6, 8, 11 da 13, kuma tun ranar da suka ga bidiyon wani wurin wasa na Abuja a wayar kawunsu suka hana shi sakat, har ya yi subul da baka ya ce zai kai su idan sun ci jarrabawa. Sun ci. Yanzu yana so ya san lokacin da ya dace, da abin da zai tanada, da yadda zai je ya dawo da su lafiya, alhali shi kansa bai taɓa shiga irin wannan wuri ba.

Malam, Allah ya raya zuri'a. Alƙawari kaya ne, kuma wanda aka yi wa yaro ya fi nauyi, domin babba yana iya yi maka uzuri amma yaro ƙirga kwanaki yake yi. Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma shekara da shekaru ni ake ɗora wa jagorantar ɗalibai idan za a fita ziyara, don haka abin da zan faɗa maka daga abin da idona ya gani ne. Babban abin da na koya shi ne, duk shawarar da ba ka yanke a tsakar gidanka ba, ba za ka iya yanke ta a cikin wurin wasa ba. Da zarar yara sun wuce ƙofa, kiɗa yana tashi, fitilu suna walƙiya, masu sayar da alawa da balan-balan sun kewaye ku, to ba kai ne ke jan ragamar tafiyar ba. Saboda haka yawancin aikin yana nan gida, kafin a ɗaure kaya.

Zan fara da inda za a je, kuma a nan ina da ra'ayin da mai yiwuwa ba zai yi wa yaranka daɗi ba. Wurin da suka gani a waya wataƙila shi ne wanda aka buɗe a 2007 da sunan Wonderland, wanda yanzu ake kira Magicland, kusa da ƙofar shiga birnin Abuja da babban filin wasa na ƙasa. Wuri ne na gaske mai manyan liluka, amma daga Kano zuwa Abuja tafiya ce ta fiye da kilomita 400, ta Zariya da Kaduna, kuma kai sai ka fara zuwa Kano tukuna, ka sauka a 'Yankaba, ka tsallaka gari zuwa Unguwa Uku kafin ka sami motar da za ta ɗauke ku. Wannan yana nufin yini guda a hanya wajen zuwa, yini guda wajen dawowa, da kwana biyu a masauki ko a gidan 'yan'uwa, duk don wasan da bai wuce awa huɗu ko biyar ba. Yaro ɗan shekara 6 da bai taɓa yin awa uku a mota ba, ba ka san yadda cikinsa zai karɓi awa bakwai ba. Shawarata ita ce ka raba alƙawarin gida biyu. Ka fara da Kano a yini ɗaya: ku fita bayan sallar asuba, ku shiga Gidan Zoo, wanda aka kafa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo a farkon shekarun 1970, ku ga dabbobi da hantsi kafin rana ta buɗe, sa'annan ku nufi ɗaya daga cikin wuraren wasan yara na cikin gari, ku kama hanyar gida bayan la'asar. A wannan yinin za ka gane wanda yake amai a mota, da wanda yake tsoron lilo, da wanda yake sulalewa daga hannunka idan ya ga abin kallo, kuma za ka gane duk wannan a wurin da kowa yake jin Hausa, kana kusa da gida. Idan aka wanye lafiya, sai a sa ranar Abuja a hutu na gaba. Wannan ba saɓa alƙawari ba ne, muddin ka faɗa musu tun yanzu, ba ranar tafiya ba.

Idan Abujar ce dai, akwai jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Kubwa da Idu, wanda ya fara aiki a 2016, kuma ga yaron ƙauye hawan jirgin kansa rabin yawon ne. Sai dai ka sayi tikiti da wuri, ka riƙe katin shaidarka na ɗan ƙasa, ka kuma lissafa kuɗin motar da za ta kai ku cikin gari daga tasha. Ko ta jirgi ko ta mota, kada ka yi tafiyar dare da yara. Kuma tun da an yi nisa haka, a washegari ka kai su Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disamba 2003, inda za su yi gudu a kan ciyawa ba tare da tikitin lilo ba, su huce gajiya kafin a kama hanya.

Batun lokaci ya fi kowane tasiri a kan ko za ku ji daɗi ko za ku sha wahala, kuma a nan mutanenmu suka fi yin kuskure, domin kowa ranar Sallah yake tunawa da wurin wasa. Duk wanda ya taɓa bin titin Gidan Zoo a rana ta biyu ko ta uku ta Sallah ya san abin da nake nufi. Layin shiga yana kai wa bakin titi, kowane lilo sai an yi doguwar jira, yara manya suna ture ƙanana, kuma a irin wannan cunkoso ne ake ɓatar da yara da wayoyi. Za ka biya kuɗi daidai da na kowace rana, ko fiye, amma yaranka su hau abu biyu maimakon biyar. Hutun da ke faɗowa a watan Afrilu kuma zafi ne ke ɓata shi, lokacin da ma'aunin zafi a Kano da Jigawa yake haura 40, kujerun ƙarfe da allon zamiya su yi zafin da ke ƙona cinyar yaro. Dogon hutu na Agusta yana da tsawo, amma tsakiyar damina ne, hadari yana tasowa sai a kashe injuna, ga aikin gona da ba zai jira ka ba, ga aljihu a lokacin ya fi kowane lokaci bushewa. Abin da ya rage shi ne hutun Disamba, kuma shi na fi so ga manomi. An gama kaka, an sayar da riɗi ko gyaɗa ko zoɓo, rana ba ta da zafi, ruwa ba zai tare ku ba. Ka zaɓi makon farko da aka ba da hutu, a tsakiyar mako, kamar Talata ko Laraba, kafin cunkoson Kirsimeti da sabuwar shekara, wanda a Abuja daidai yake da cunkoson Sallah a Kano. Hunturu yana da nasa sharaɗin: rigar sanyi don fitar asuba, man shafawa, da takunkumi ga duk yaron da ƙura take tayar wa da tari.

Yanzu kuɗi. Ba zan yanka maka farashi ba, domin yana sauyawa tsakanin hutu da hutu, kuma gani ya kori ji: ka sa wani ɗan'uwa da ke garin ya je ƙofar wurin ya ɗauko maka hoton allon farashi, ya kuma tambayi ranakun da ake buɗewa da ƙarfe nawa. Abin da ya kamata ka fahimta shi ne tsarin. A yawancin wuraren wasa na Nijeriya kuɗin shiga daban ne, kuɗin hawan kowane lilo daban. Kuɗin shiga shi ne ƙaramin abu, kuma shi yake yaudarar mutane. Ka ɗauka yara huɗu kowanne zai hau abu biyar, tikiti 20 ke nan, ban da na babban da dole ya raka ƙaramin a wasu lilukan. Wasu wuraren suna sayar da tikitin haɗaka ko wani zobe na hannu da ke ba yaro damar hawa da yawa, kuma yana da riba ne kawai idan babu layi, domin idan akwai cunkoso za ka biya kuɗin abin da lokaci ba zai bari a hau ba. Manyan wurare na ƙasashen waje irin Disneyland na Amurka, wanda aka buɗe a 1955, tikiti ɗaya suke sayarwa na dukan yini, kuma a wurinsu yaro daga shekara 10 kuɗin babba yake biya. Na kawo wannan ne don ka tambayi iyakar shekarun tikitin yara a duk inda za ka je, tun da biyu daga cikin naka sun haura goma.

Dabarar da na ga ta fi aiki ita ce a gaya wa kowane yaro adadinsa tun a gida. Ka zaunar da su bayan sallar isha'i ka ce kowa lilo huɗu ne, da abin sha ɗaya, da tsaraba ɗaya, kuma idan aka shiga ka damƙa wa manyan tikitinsu a hannu. Yaron da ya san huɗu gare shi yana tsayawa ya zaɓa, ya kalli abu kafin ya hau. Wanda bai sani ba kuwa yana ganin aljihunka rijiya ce, kuma ranar za ta ƙare da kuka ko da ya hau goma. Ka ware kuɗin motar dawowa a wani aljihu daban wanda ba za a taɓa ba ko da wa ya yi kuka, ka ƙara wani abu a kai saboda lalurar hanya. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, domin taransfa tana iya maƙalewa kana tsaye a gaban layi mutane suna jira a bayanka. Idan akwai sauran watanni kafin tafiyar, ka sa yaran su yi asusu, ko da abin da za su tara bai wuce kuɗin alawa ba. Wanda ya zuba nasa a ciki ba ya saurin ɓarnatar da shi.

Akwai wani abu da iyaye ba su cika sani ba sai sun je, wato ma'aunin tsawo. Manyan liluka da tsawon yaro ake shiga, ba da shekarunsa ba, domin ƙarfen da ke danne cinya ko ƙirji an yi shi ne daidai wani girman jiki, kuma wanda bai cika shi ba yana iya zamewa ta ƙasa idan abin ya ɗauki gudu. A manyan wuraren duniya iyakokin da aka fi gani su ne santimita 102, 112 da 122. Na taɓa tsayawa da wani ɗalibina ɗan aji biyu a layi kusan rabin awa, muka iso gaba ma'aikacin ya jingina shi da sanda mai jan fenti, ya ga saura faɗin yatsu biyu, ya girgiza kai. Yaron ya yi ɗage a kan yatsun ƙafarsa, ya miƙe wuya, hularsa ma ya ɗaga sama, amma a banza, sai ya tsaya riƙe da shinge yana kallon abokansa suna ihu a sama. Ma'aikacin ya yi daidai, laifin nawa ne da ban auna ba. Ka ari tef ɗin tela, ka tsayar da kowane yaro a jikin bango ba takalmi, ka sa alama da gawayi, ka rubuta. Sa'annan ka gaya wa ɗan shekara 6 tun a gida cewa akwai na manya da ba zai hau ba bana, akwai kuma nasa, irin dawakin majaujawa, da ƙaramin jirgin ƙasa, da katifar tsalle. Kada ka roƙi ma'aikaci ya ɗaga ƙafa, kuma idan ka ga wurin da ake ɗaga ƙafa saboda an miƙa wani abu, wannan alama ce cewa sauran ƙa'idojin ma haka ake yi musu.

Wannan ya kawo mu ga yadda za ka auna lafiyar lilo alhali kai ba injiniya ba ne. Kafin yaronka ya hau kowane abu, ka tsaya ka kalli zagaye ɗaya ko biyu. Ka lura ko mai kula yana bin yara ɗaya bayan ɗaya yana jan bel da ƙarfe don ya tabbatar sun kulle, ko kuwa yana danna waya ne. Ka duba ko ana cusa yara uku a kujerar mutum biyu, ko akwai wayar wuta a fili, ko tsatsa ta cinye wurin walda, ko injin yana wata ƙara mai kama da gogar ƙarfe. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ku wuce, asarar tikiti ɗaya ba asara ba ce. Ka kuma gaya wa yara cewa idan wuta ta ɗauke lilo ya tsaya a sama, su zauna yadda suke har a tayar da janareta, kada wanda ya yi yunƙurin sauka. Sutura ma tana da nata hatsarin: dogon hijabi mai jan ƙasa, da gyale mai yawo, da babbar riga suna iya shiga cikin abin da ke juyawa. 'Yan mata su sa gajeren hijabi da dogon wando a ƙarƙashin riga, maza su bar hula a jaka, kowa ya sa takalmi mai maɗauri maimakon silifas. Idan akwai wurin ninkaya, kada ka ruɗu da cewa yaranka sun saba wanka a rafi, domin kwamin wanka yana da ɓangare mai zurfi da ƙasa mai santsi, kuma yaro yana nutsewa shiru ba tare da ihu ba. Ko dai babba ya tsaya a bakin ruwan idonsa a kansu, ko a bar shi.

Yara huɗu sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ka tafi da mahaifiyarsu ko wata babbar mace, musamman idan akwai 'ya mace da za a raka bayi, kuma don idan ɗaya ya hau lilo da ƙaramin, ɗaya ya tsaya da sauran da kaya. Kada ka mai da ɗan shekara 13 mai reno, shi ma wasa ya zo yi. Kuma idan gidanka ɗaki biyu ne, ka san yadda za ka daidaita tun kafin magana ta fita, don kada yawon yini ɗaya ya jawo maka shari'ar wata guda.

A kan ɓata zan ɗan tsaya, domin shi ne abin da ya taɓa hana ni barci. Wata shekara, a wani wurin wasa da ba zan ambata ba, na ƙirga ɗalibai na ga babu ɗaya. Sai da muka yi kusan minti 40 muna nema kafin aka gan shi a ɗakin masu gadi, ya yi kuka har ya gaji. Mai gadin ya ce sun tambaye shi sunan mahaifinsa ya ce Baba, sun tambaye shi garinsu ya faɗi sunan unguwar da babu wanda ya taɓa ji. Ya bi wani mutum ne mai riga irin tawa. Tun daga ranar ba na fita da yaro sai da takarda a aljihunsa mai ɗauke da sunansa, da cikakken sunan babban da ke tare da shi, da lambar waya biyu, an naɗe ta a leda an maƙale da fil. A Abuja wannan takarda ta fi muhimmanci, domin ba kowane ma'aikaci ne yake jin Hausa ba. Ka ɗauki hoton kowane yaro da safe cikin kayan da ya sa, ka ɗinka musu anko mai launi mai haske idan da hali, kuma da zarar kun shiga ka nuna musu wuri ɗaya sananne, kamar ɗakin sayar da tikiti, ka ce duk wanda bai ga kowa ba ya je can ya tsaya, kada ya fita ƙofa, kada ya bi wanda ya ce zai kai shi wurin babansa. Ka cika cajin wayarka, ka kuma san cewa lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Abinci a cikin irin waɗannan wurare yana da tsada, kuma wasu ba sa barin a shiga da na waje, don haka a haɗa wannan cikin abin da ɗan aikenka zai tambayo. Guzurin da ke jure hanya shi ne gurasa ko biredi, dambun nama, soyayyar kaza, ƙuli-ƙuli, dabino da ayaba. Fura da nono da kunun aya suna saurin lalacewa idan suka yini a mota, a bar su. Ruwa ya fi kome, a riƙa ba su ko ba su nema ba, domin yaron da wasa ya ɗauke wa hankali ba ya jin ƙishi sai kansa ya fara ciwo. Kada a hau abin da ke juyawa da cikakken ciki, a fara da manyan liluka da safe, a ci abinci lokacin azahar bayan an yi salla, a huta a inuwa, sa'annan a ƙarasa da marasa hajijiya. Ka sa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a jaka, da farasitamol na yara, da filasta, da ledoji saboda mai amai, da kayan sauyawa ga ƙananan biyu. Idan a cikinsu akwai mai sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ka je asibiti a makon tafiyar ka gaya wa ma'aikacin lafiya inda za ku, ka ɗauki maganinsa a jikinka ba a cikin but ɗin mota ba. Mai sikila musamman a kiyaye shi da ƙishi, da gajiya, da ruwan sanyi.

A mota, yaran da ba su kai shekara 12 ba a baya suke zama, kuma na fi so ka biya wa kowane yaro kujerarsa maimakon a ɗora biyu a cinya, ko da direba ya ce ba kome. Idan Kano ce, ka sa wa kanka ƙa'ida cewa ƙarfe 4 kun bar wurin wasa, domin cunkoson yamma tsakanin titin Gidan Zoo da 'Yankaba yana cin lokaci, motar ma sai ta cika kafin ta tashi, kuma kana so ku shiga gari kafin duhu ya yi sosai. Ka sanar da yara saura lilo ɗaya tun da sauran rabin awa, kada ka yanke musu wasa farat ɗaya. Tsarabar 'yan gida da ta kakanni a saye ta a tasha ko a kasuwa, inda ta fi araha, kuma kada a sa tafiyar a ranar da washegarinta za a koma makaranta ko a yi hadda a Islamiyya, domin ɗan shekara 6 ɗin nan a kafaɗarka zai shigo gida yana barci.